Manet ɗina na jinkiri, ko in saya musu waya?

Tambaya: Malam, ina da gidan wasan PS4 (na'urar wasan bidiyo) a unguwar Zariya, Maradi. Yara na kukan a wasan ƙwallo sai sun danna fas ɗan wasa ya yi nawa, har wasu sun koma wani gidan. Mai gyara ya ce laifin Bluetooth ne, in saya wa kowace manet (abin da ake riƙewa ana danna maɓallai) wayar USB. Yaya zan tabbatar kafin in zuba kuɗina?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna, ka auna. Sa kamarar salula a ralanti (bidiyo mai tafiya a hankali) mai hoto 240 a sakan, ta kama yatsanka da tele tare. Ƙirga hotuna daga nutsewar maɓalli zuwa motsin farko a allo. Kowane hoto kusan milisakan 4 ne (milisakan 1000 ke yin sakan ɗaya). A menu za ka gwada, domin a fili ɗan wasa sai ya ɗaga ƙafa kafin ya buga. Maimaita sau goma, ka ɗauki matsakaici.

Zancen waya kuwa, kullum sai an kawo mini shi, har na gaji. Manet ɗin PS4 ta farko, ko ka jona mata waya caji kawai take sha, maganarta da na'ura ta Bluetooth take bi. Wadda ta fito a 2016 ce ke iya aikawa ta USB, ita ma sai ka shiga saiti ka canza. Kenan da yawan masu rantsuwa cewa waya ta ƙara musu sauri, a kan Bluetooth suke wasa ba su sani ba. Ko ta bi wayar, duk milisakan 4 take aika saƙo, alhali wasa mai hoto 60 a sakan sai bayan milisakan 16.7 yake sauya hoto. Wane yatsa zai ji wannan bambancin? Mai gyaran bai auna komai ba, wayoyi gare shi na sayarwa. Ga jona da cirewa a hannun yara, wata kaɗan bakin cajin ya sake, ka koma wurinsa da wani gyaran.

Tele ya kamata ka tuhuma. Gyaran hoton da take yi na iya cin milisakan 100. A saitin tele, kunna Mode Jeu (yanayin wasa), kashe mai santsin motsi, sake aunawa. Sannan ka kai manet ɗin nan wata tele. In adadin hotunan ya ragu, manet ba ta da laifi. In manet ɗaya ce tak ke baya a kowace tele, duba ko jabu aka sayar maka.