Tsatsa, lamba da takarda: amsoshinku kan tsofaffin motocin Amurka na gwanjo

Malam, ni direban tasi ne a Bronx, birnin New York. Na ga Dodge Charger ta 1969 a gwanjon intanet, an ce a wata rumfa a jihar Ohayo ta yi shekara talatin. Babu inji, ƙasanta ya ɓule. Tayi ya kai dala 11,000, saura kwana biyu a rufe. In taya?

Ɗan'uwa, ajiye wayar tukuna ka ɗauko biro. Ta baya ake lissafin irin wannan mota. Ka fara da kuɗin da ake sayar da irinta bayan an gama gyara, kuma wanda aka biya nake nufi, ba wanda mai kaya ya yi wa kansa fata ba. Masu gwanjon motoci irin su Bring a Trailer da Mecum suna barin sakamakon cinikin da ya wuce a fili, kamfanin inshorar tsofaffin motoci Hagerty kuma yana da jadawalin farashi daga daraja ta 1 zuwa ta 4. Taka ko ta huɗun ba ta kai ba, don ta huɗu tana tashi tana tafiya. Daga wannan kuɗi ka cire walda, fenti, inji da giya, kujeru, wayarin, la'adar masu gwanjo da kuɗin janyo ta daga Ohayo. Abin da ya saura shi ne kuɗinta. Sau da yawa babu abin da ke saura.

Sunan Ohayo kaɗai ya isa ya sa ka tsaya. A can da Mishigan da sauran jihohin sanyi gishiri ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara, gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe. Charger ba ta da shasi daban da ake ɗaga bodi a kai, jikin da ƙashin a haɗe suke. In tsatsa ta ci dogayen ƙarafan ƙasa da wurin da sifirin baya yake kamawa, to ƙashin bayan motar ne ya tafi. A ce ma awa 800 mai gyara zai yi a kan dala 100 kowace awa, dala 80,000 ke nan, ba a sayi ko kusa ɗaya ba. Nan ba gareji ba ne na gida da za ka ba mai walda na goro ya kwana yana yi maka.

Ka nemi hoton lambar shasi. In ta fara da XS29, R/T ce, wato samfurin mai babban inji da tsada, akwai magana. In XP29 ce, gama-gari ce, dala 11,000 ma an zarce. Ni dai da kuɗin tasi ba zan taya ba.

Na ga a labarai an sayar da wata tsohuwar Plymouth dala miliyan uku da rabi. Ashe duk tsohuwar motar Amurka dukiya ce? Daga Zariya.

Waccan Hemi 'Cuda ce ta 1971 mai buɗaɗɗen sama, wadda Mecum ya sayar a Siyatil a 2014, kuma 'yan ƙalilan aka ƙera. Don an sayar da ingarma da tsada ba shi zai ɗaga kuɗin jakin gidanku ba. Na gaba.

Malam, Chevrolet Chevelle ce ta 1970, ga tambarin SS gaba da baya, ga ratsi biyu a bonet. Mai ita ya rubuta cewa SS 454 ce ta asali, tsatsa ce kawai. Nawa ya kamata in tsaya?

To, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Alhaji, tambarin SS ana sayar da shi sabo fil a kwali, ratsi kuwa fenti ne. Daga 1969 zuwa 1971 SS ƙari ne na babban inji da ado da mai saye yake zaɓa a kan Chevelle, lambar shasin ba ta nuna shi. Malibu, wato Chevelle ta talaka, da SS ta gaske lambarsu tafiya ɗaya take. Shi ya sa babu motar da 'yan jabu suka fi so kamarta.

Abin da mutanenmu suka kasa ganewa shi ne, a ruɓaɓɓiyar mota ba ƙarfen ake saye ba. Ƙarfen ya gama yawo, rabinsa za a yanke a zubar. Asali ake saye, wato shaidar cewa haka ta fito daga masana'anta. Wanda ya biya kuɗin asali ba tare da shaida ba, cinikin biri a sama ya yi. Kuma kowane kamfani da tasa shaidar. Pontiac GTO daga 1966 zuwa 1971 lambarta da 242 take farawa, kuma PHS, masu ajiye tarihin motocin Pontiac, suna fitar da kwafin takardun masana'anta. Ford daga 1967 akwai rahoton Marti, mai nuna yadda motar ta fito daga masana'anta. Dodge da Plymouth suna da ɗan faranti a ƙarƙashin bonet, harafi na biyar a lambar shasi kuma yana faɗin injin: a 1970, R na nufin 426 Hemi, U na nufin 440. Ita Chevelle taka, sai an samo takardar haɗi da ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujera ko saman tankin mai, ko injin asali mai ɗauke da guntun lambar shasin a jikinsa.

Na taɓa raka wani aboki duba wata da ya ci a gwanjo. A hoto farantin lamba tsaf yake. Da muka haska shi da tocila, kusoshin da suka riƙe shi sababbi ne suna ƙyalli, alhali duk abin da ke kewaye ya zama ja da tsatsa. Mai motar ya ce wai ya cire ne don ya goge. Ka cire lamba ka goge, a motar da ɓera ya haihu a kujerarta? Ciro faranti daga matacciyar mota mai tsada a manna wa mai araha babban laifi ne a dokar Amurka, kuma ranar da asiri ya tonu motar hannunka za a kama. Kada ka ce Carfax, mai ba da tarihin mota ta lambar shasi, zai cece ka, lamba mai harafi 17 yake karantawa, ita kuwa sai 1981 aka fara ta.

Ga kuma masu cika rami da bodi fila su fesa fenti kafin ɗaukar hoto. Maganaɗisu na dala biyu yana tona su, don ba ya kama fila, amma ba ta waya ba. Ka biya wani ya je ya gani da ido. In mai kaya ya hana, ya ba ka amsa ke nan. Ba shaida, ka taya ta a kuɗin Malibu, ko sisi kada ka ƙara.

Malam, maigidana ya kwashi dala 6,500 cikin ajiyarmu ya sayi Mustang ta 1966 da ba ta tashi. Wata huɗu tana tsakar gida a Girinsboro, nan Amurka. Ko barci ba na iyawa.

Hajiya, kwantar da hankalinki. In dai sai an yi wannan kuskure, gara a yi shi a kan Mustang. An ƙera su da yawa ƙwarai, kayan gyaranta kusan duka ana yin sababbi, masu nemanta kuma ba sa ƙarewa. Da wuya kuɗin ya nutse gaba ɗaya.

Ku yi abu biyu ranar Asabar. Ku zuba ruwa bokiti guda a ramukan iskar da ke gindin gilashin gaba, ke ki leƙa ƙarƙashin sitiyari. In ruwa ya zubo ciki, wurin ya ruɓe, kuma gyaransa mai cin kuɗi ne. Sannan ku tabbatar takardar mallaka tana hannu, lambarta ta yi daidai da ta motar. In ƙasan da sauran ƙarfi, ya nemi bakanike ya tayar da injin kawai, don mota mai tashi ta fi saurin samun mai saye. Roƙona ɗaya, ki hana shi kwance ta. Motar da aka zuba a kwalaye ita ce ke yin asara. Ki yi masa maganar bayan ya ci abinci.

Ina Kano, ina sayo motocin hatsari daga Amurka ta gwanjon Copart. In gwada kawo Camaro ta 1968 a gyara a nan, tunda aikin hannu da sauƙi?

Aikin hannu da sauƙi, gaskiya ne. Sauran fa? Kwastam ɗin Amurka da wuya su bar mota ta fita ba tare da takardar mallaka ba, yawancin waɗannan akwaloli kuwa rasit kaɗai gare su. Wadda ba ta tashi sai kwantena. Najeriya kuma tana da dokar shekarun motar da za a shigo da ita, ka tambayi mai fitar maka da kaya kafin ka tura ko dala ɗaya. Kowane ƙyaure da kowace roba daga Amurka za su zo, da dala. In ka gama, wa zai saya? Masu biyan kuɗin suna can, kuma za su tambayi wanda ya yi waldar. Ci gaba da Corolla da Camry ɗinka.