Amsar Kawu kan maganar sayar da Fijon Baba

(Na rubuto muryar da Kawu ya turo jiya da daddare saboda masu cewa ba ta buɗuwa a wayarsu. Yadda ya faɗa haka na rubuta, ban gyara komai ba.)

Assalamu alaikum, jama'ar gida barkanmu da dare, ya gajiya ya yara. To ɗana na ji saƙonka tun la'asar, ina hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce Fijon marigayi ta sake tsaya maka a gadar Tamburawa da buhunan taki a ciki har sai da aka janyo ta, karo na 3 ke nan a wata ɗaya, kuma kana so ka sayar da ita ka cika kuɗi ka sayi Hilux ta hannu saboda aikin gonar Kadawa, kana tambaya ta fetur ko ta gas, Beljiyam ko wadda aka yi amfani da ita a nan. To bari in amsa maka a nan gurup ɗin kowa ya ji, don maganar ba taka ba ce kai kaɗai.

Kafin mu je kan Hilux ɗin, ita motar nan ta wa ce? Ni dai a iya sanina da aka raba gadon mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ba a sa ta a lissafi ba, cewa aka yi a bar ta a hannunka tunda kai ke zuwa gona. To bari a hannu daban mallaka daban, ƙannenka mata suna da haƙƙi a cikinta, Hajiya tana da tumuninta, ko naira nawa aka saye ta sai an fitar wa kowa nasa ko kuma su ce sun yafe maka da bakinsu, ba wai ka ɗauka sun yafe ba. Kuma dan Allah kar Yaya Hajiya ta fara jin labarin nan a bakin yara ko ta leƙo ta ga dillali yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa bodi, ka je ɗakinta ka zauna ka faɗa mata. A motar nan aka kai ta asibiti haihuwar autarku, ni na tuƙa, mahaifinku yana baya yana ta salati, a motar nan muka raka su filin jirgi za su Makka. Kai inji kake gani da lagireto mai yoyo, ita ba shi take gani ba.

Ni kaina wallahi ina son motar nan. 504 wagon ce haɗin Kaduna, can Kakuri inda aka fara haɗa Fijo tun 1975, kujera layi 3, ka cire ta bayan ka loda buhu ka mayar ka ɗebi 'yan biki, ga ta da tsayi daga ƙasa ga laushi a kan gargada, mota ce da in ta tsaya maka a daji da sukundireba da fulaya da ɗan guntun waya za ka tashe ta, ka busa kafireta ka goge fulogi ka kama hanya. Amma mu faɗi gaskiya, kusan shekara 20 ke nan da aka daina haɗa ta, ka je Ƙofar Ruwa yau neman kayanta sai an yi ta tura ka rumfa rumfa, abin da za ka samu ko kwance ne daga wata da ta mutu ko sabo mara kyau da ba ya wata 2, makanikan da suka san ta su ma sun tsufa, yaransu ba ita suka koya ba. An yi mata ringi sau 2 ina sane, ƙasan direba har titi kake hangowa in ka ɗaga kafet. Sannan ga shan mai, da can ba ma ji, amma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ka san inda ta kai, to kafireta irin tata ba ta san an yi wannan canjin ba. Don haka ban hana ka ba, ta yi aikinta, Allah ya saka wa wanda ya saye ta da alheri.

To Hilux. Ka tambayi kanka me ya sa Baba ya riƙe Fijo shekara da shekaru, ai don duk ƙauyen da ta tsaya akwai mai gyara ta ne. To shi za ka nema a wadda za ka saya. Ni shawarata ka nemi ta fetur mai inji 2.7, wanda makanikai ke ce wa 2TR, giyar hannu ba otomatik ba, samfurin da ake kira Vigo ɗin nan na 2005 zuwa 2015. Injin nan sarƙar ƙarfe ce ke haɗa juyin samansa da na ƙasansa ba bel na roba ba, shi ne a jikin Hiace Homa ɗin da ke jigilar Kano zuwa Abuja kullum, ka ga ke nan kayansa ko a Kura za ka samu. Yana shan mai, kar wani ya ruɗe ka, amma ba ya ba da ciwon kai, kuma in wata rana ka ga iskar CNG ɗin nan ta wadata a kusa da kai, injin fetur ya fi sauƙin juyawa.

Ta gas kuma, mai inji 2KD ko 1KD, ƙarfi kam akwai, ta fi jan kaya ta fi tsimin mai, amma injektocinta da famfonta ba sa haƙuri da gurɓataccen gas, kai kuma a bakin hanya za ka riƙa sha wajen 'yan bumburutu in ka makara a gona, wani an haɗa da kananzir wani da ruwa, rana ɗaya za ta fara karkarwa tana baƙin hayaƙi, kuɗin injekta 4 kuwa sai ka sayar da shinkafar kaka guda. Kuma ita bel gare ta, duk kilomita 150,000 ake canzawa, har fitila take kunnawa a dashbod, in ya tsinke kana tafe injin ya tafi. In dai gas ɗin kake so dole to sai dai mai tsohon inji 5L, shi ba shi da saurin fushi amma ba shi da gudu.

Yauwa, kai ku rage talabijin ɗin nan ina magana. To ina muke, maganar Beljiyam.

Ka ji wannan da kyau, in dillali ya ce maka ga Hilux 'yar Amurka ka kama hanyarka, ba a sayar da Hilux a Amurka, tasu Tacoma ce da Tundra. Tacoma mota ce mai kyau amma wadda ta fito daga jihohin da ake ƙanƙara gishiri suke zubawa a titi, gishirin nan yana cin ƙarfen ƙasa, har kamfanin da kansa sai da ya canza wa mutane cesis na samfurin 2005 zuwa 2010 a can. Ita Hilux yawanci daga Tailan take ko Afirka ta Kudu, wasu ta Dubai wasu ta Turai. To a nan tarkon yake, wasu asalinsu sitiyarin dama ne, irin na Ingila da Ostireliya da Tailan ɗin, sai a juya shi hagu a wani gareji tunda mu tun 1972 muka koma tuƙin hannun dama kuma ba a yarda a shigo da mai sitiyarin dama ba. Juyayyiya kar ka saya ko da kyauta aka haɗa maka da taya 4. Yadda za ka gane, kunna waifa ka ga ta wane ɓangare take sharewa, in ta bar gaban direba da lungu ba ta share ba ta fi wanke wa fasinja to an juya, ka buɗe bonet ka duba bangon da ke tsakanin inji da cikin mota ta dama, za ka ga inda aka toshe ramin sitiyari da walda aka shafe da baƙin fenti.

Wadda aka yi amfani da ita a nan kuma kala biyu ce. Akwai ta kamfani ko ta ƙungiyoyin agajin nan da ake gwanjonsu, in ka dace da wadda ake wa sabis kan lokaci har da littafinta to ka tsinci dami a kala. Akwai kuma wadda ta yi rakiyar manya ko aikin kwangilar titi, direba 10 ne suka tuƙa ta ba mai tausayinta, an yi mata sabon fenti fari ƙal an sa mata sitika da fitilun sabon samfuri a gaba wai an ɗaga ta zuwa 2014 alhali 2007 ce. Lambar cesis ita za ta faɗa maka shekararta ba fitila ba.

Bari in ba ka labarin kaina don kar ka ce Kawu malanta yake. Lokacin da na rabu da tawa tsohuwar na je wajen wani dillali, ba zan kama suna ba, da yamma na je rana ta yi sanyi, mota tana walƙiya an wanke inji an shafa masa mai, na tayar ta tashi tik ɗaya, na zagaya layi na dawo na ba da kafin alƙalami. Sati 3 ina loda mata masara na ji wani ƙas a baya, muka kai ta kan rami, makanike ya sa sukundireba a cesis daidai inda sufurin, wato ganyen ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin baya, ke kamawa, wallahi hannunsa bai yi ƙarfi ba ta shige kamar cikin ƙosai, ashe tsatsa ce aka cike da bodi fila aka bi da baƙin fenti mai kauri. Na tsaya a ramin nan ina kallon garin tsatsa yana zubo min a hula. Kuɗin waldar da na kashe da na ƙara a kan kuɗina tun farko da na sayi lafiyayya, araha dai ba ta ado.

Saboda haka da sassafe ake zuwa ganin mota, ka ce kar a tayar kafin ka zo, ka ɗora hannu a bonet, in da ɗumi to akwai abin da ake ɓoyewa. Ka tayar da kanka ka koma baya ka kalli salansa, shuɗin hayaƙi baƙin mai take ci, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga inji. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kunun gyaɗa a jikinsa gasket ya tafi. Ka ƙirga ganyen sufurin na baya, in an ƙara ganye to ta sha lodin da ya fi ƙarfinta. Mita kuwa kar ka yarda da ita, ana mayar da ita baya, robar kulochi da ta birki da kujerar direba ka duba, mota ba za ta ce ta yi kilomita 80,000 ba alhali robar kulochi ta cinye har ƙarfe. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi bodi da shi, inda ya ƙi kamawa fila ce. In mai ja da taya 4 ce ka kai ta kan yashi ka sa giyar ka ji ta shiga ta fita, da yawa an cire farfelar gaba an bar sandar giyar don ado. Kuma a sa mata kwamfuta, wajen mai kwamfutar da kai ka zaɓa ba wanda dillali ya kira ba.

Sai ka yanke tsakanin mai gida ɗaya, wato mai kujerar gaba kawai, da mai gida biyu mai kujerar baya. Mai gida ɗaya bayanta dogo ne, wajen tan 1 take ɗauka, buhu 10 na masara ke nan ko taki 20, kuma ta fi sauƙin kuɗi don 'yan gayu ba sa son ta, ɓarayi ma ba su cika damuwa da ita ba. Mai gida biyu za ta ɗauki iyali amma buhu 7 ko 8 ka cika ta, kuma farar Hilux mai gida biyu a wasu hanyoyin namu yanzu kallon babban mutum ake wa na ciki, ka gane abin da nake nufi. Ni da ni ne kai mai gida ɗaya zan saya, zuwa biki a hau ta ƙaninka.

Takardu kuma kar ka biya sisi sai ka ɗauki takardar kwastan ka kai ofishinsu na Bompai an duba an tabbatar an biya diyuti kuma lambar cesis ɗin da ke takarda ita ce a jikin ƙarfen, harafi da harafi, ka karanta da idonka. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma masu biyowa da ita ta daji daga Kwatano ba su daina ba, irin su ne za ka yi shekara kana hawa rana ɗaya a tare ka a hanya a ce ta gwamnati ce. A rubuta yarjejeniya da shaidu 2, ka ga mai motar ido da ido da katin shaidarsa ba dillali kawai ba, kuɗi ta banki, a yi canjin mallaka a satin. Kuma kar ka zuba duk abin da ke hannunka, ka rage na taya da batir da sabis da la'ada, ta hannu ba ta taɓa zuwa ba ta nemi wani abu a watan farko ba.

Ita kuma Fijo dan Allah kar a kai ta wajen 'yan gwangwan a yanka ta a kilo ina raye. Akwai masu neman ta har yanzu a ƙauyuka suna jigilar kasuwa, a samu wanda zai hau ta. In Hajiya ta ce a bar ta to a bar ta, a ɗora ta kan bulo a rufe da tamfol, kuɗinta dama ba wani abin da zai ƙara maka a Hilux. Carbin Baba da ke rataye a madubi ka ciro ka kai mata, da ɗan littafin da yake rubuta ranar juye a aljihun gaba.

In ka gama da Hajiya ka kira ni. Asabar bayan sallar asuba ka zo ka ɗauke ni mu biya mu ɗauki makanikena, ka taho da tocila mai haske da tsohuwar tabarma, kuma kar ka sa farar shadda don kai za ka shiga ƙarƙashin ba ni ba, gwiwata ba ta yarda yanzu. Sai da safenku, a gaida yaran.