Sassaƙa daga zanen littafi: za a iya sayarwa?

Malam, ka ce ka sayi littafin zanen sassaƙa, ka sassaƙa tsuntsu bisa ɗaya daga ciki, kana tambaya ko doka ta yarda ka sayar.

Kuɗin da ka biya na littafin ne kawai, haƙƙin mallakar zanen yana hannun mai shi. A dokar ƙasashe da yawa, abin da ka sassaƙa reshe ne na aikinsa, ko da guminka ne ya zuba a itacen. Don haka fara duba shafukan farko na littafin. Wasu kan rubuta cewa don amfanin kai ne kaɗai, wasu kan yarda a sayar da 'yan kaɗan da aka yi da hannu. Idan ba su ce komai ba, shirun ba izini ba ne. Rubuta wa mai zanen ko kamfanin da ya buga, ka adana amsar a rubuce.

Inda mutane suka fi ruɗuwa shi ne zancen "canza kashi 10 cikin 100 ya zama naka". Zancen baka ne kawai. Ambaton sunan mai zane ma ladabi ne, bai isa izini ba. Amma siffar tsuntsu ba mallakar kowa ba ce, kana iya kallonsa ka zana naka.

Tsohon zane kan fita daga kariya: Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin mallaka, ta sa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar mai shi, Tarayyar Turai kuma 70. In da yawa za ka sayar, ko ta intanet zuwa ƙetare, tuntuɓi lauyan da ya san haƙƙin mallaka tukuna.