Amsa ga ɗan ƙanena kan zancen Kirsimeti

Ɗana, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini shi har sau biyu. Ka ce a taron addu'ar da kake zuwa a makaranta an gaya muku Kirsimeti bikin arna ne, babu shi a Littafi Mai Tsarki, shi ya sa kake tunanin ba za ka zo gida bana ba. Kana kuma tambaya ko mu da muka tsufa muna yinsa a kan ɓata muke. Na ji daɗi da ka tuntuɓe ni kafin ka yanke shawara.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai gaskiya a maganarsu. Matiyu da Luka sun ba da labarin haihuwar Almasihu, amma babu wanda ya ambaci wata ko rana, manzanni kuma ba su bar mana umarnin yin biki ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana kiyaye 25 ga Disamba daga birnin Roma ya fito, na shekara ta 336. Har gobe Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar ranar 7 ga Janairu suke nasu. Gardamar ma ta girme mu duka, don a 1647 majalisar Ingila ta taɓa hana bikin, waɗanda suka hana ɗin kuwa masu karatun Littafi ne. Shaidun Jehobah ba sa yi har yau. Ko maƙwabtanmu Musulmi ka san irin ja-in-jar da ke tsakaninsu kan Maulidi, kowane ɓangare kuma son Annabinsu yake nufi.

Inda na rabu da masu wa'azinku shi ne kalmar nan ta bikin arna. Ɗana, ni ba a takarda na karanta tsafi ba, a cikinsa aka haife ni. Kakanka Bamaguje ne, a nan ƙasar Sumaila ya rayu ya mutu. Da idona na ga ana yanka wa tsafin kan gida zakara, ana zuba jini, ana kiran iskoki, su Kure da Uwar Gona, kafin a taɓa sabon hatsi. Abin da ke cikin zukatanmu a lokacin tsoro ne. Idan yaro ya kwanta ciwo sai a ce an yi wa iska laifi, a nemo akuya ko da bashi. Uwarmu ta sha kwana ba barci don wani ya taka inda ba a takawa. Da bishara ta shigo ta hannun 'yan mishan na SIM, da masu wa'azi 'yan ƙasa da ke yawo ƙauye ƙauye da Littafi na Hausa wanda aka kammala fassararsa a 1932, abin da ya fara kama ni shi ne maganar mala'ika ga makiyaya a Luka sura 2, inda ya ce kada su ji tsoro. Allah da kansa ya zo, aka kwantar da shi a komin dabbobi, irin wanda ke bayan ɗakin kowannenmu, bai nemi jinin zakaran kowa ba. Wannan muke tunawa ranar Kirsimeti. Wanda ya ce mini wannan da abin da muka bari ɗaya ne, to bai taɓa tsayawa a wurin yankan tsafi ba.

Na san za su kawo maka Irmiya sura 10, zancen itacen da ake sarowa a jeji a yi masa ado. Karanta surar duka, gunki ake nufi, wanda ake sassaƙawa a yi masa sujada. Mu a ƙauyen nan ba mu da wani itacen Kirsimeti. Abin da muke da shi sujadar safe ce, da waƙoƙin Zumuntar Mata, da yara masu kwaikwayon makiyaya, da baikon godiya tunda hatsi ya shiga rumbu. Sai shinkafa da nama da ake aika wa maƙwabta, su ma da Babbar Sallah ba mu taɓa rasa naman layyarsu ba.

Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa sura 14: wani yana girmama wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa, mai kiyayewa kuma don Ubangiji yake yi. Saboda haka ban yarda ka raina abokan addu'arka ba, ban kuma yarda su kira uwarka mai bautar gumaka ba.

Akwai dai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na kuma sha faɗa a taron dattawan ikilisiya. Magidanci ya buɗe rumbu ya kai dawa kasuwa don anko da takalmi, kafin damina ta yi tsakiya yana neman rance. Samari su dawo daga birni, a tashi sujada su zarce gidan burukutu, dare ya yi da faɗa. Wannan kam tsohuwar rayuwa ce ta sake shigowa da sabuwar riga, idan a kan haka 'yan'uwanka ke wa'azi ina bayansu.

Ka zo gida. Idan zuciyarka ba ta kwanta da bikin ba, babu mai tilasta maka sa sabon kaya ko shiga rawa, ni zan tsaya maka a kan haka. Amma uwarka tun kaka take kiwon ɗan akuya da sunanka, kakarka kuma ƙafa ta ƙi, kullum sai ta tambaya yaushe za ka iso. Ka taho da Littafinka mu zauna a zaure mu bi ayoyin nan ɗaya bayan ɗaya. Ka shigo motar Wudil da wuri, sanyin bana da ƙarfi yake idan rana ta faɗi.

Baffanka