Kar fenti shi ruɗe ka wajen zaɓen JSS

Salamu alaikum. Malam, kai da kac ce an maido ka aiki wani ƙaramin gari nan jihar Sakkwato, JSS biyu na gwamnati ag garin, guda bakin titi ta sha sabon fenti guda tsohuwa cikin gari, kana tambaya wace za ka kai yaronka da ya ƙare aji shida. Ni ɗiyana ta irin makarantun ga sunka bi, kuma na daɗe cikin kwamitin SBMC, wato na iyaye da mutanen gari da ka sa ido ga makaranta, bari in hwaɗa ma abin da nis sani.

Fenti kam bar shi. Tun da anka yi dokar UBE ta ilimin firamare da JSS kyauta a 2004 kuɗin gini na shigowa, za ka ga bulok sabo fil da silin da allo amma ba malami ciki, yara na ta kokuwa bisa benci.

Ka tahi ranar kasuwar garin, kar ka tahi Litinin da sahe da kowa ka kimtsawa, ka shiga wajen sha ɗaya bayan an dawo birek. Makarantar da ka iske malamai cikin aji ranar kasuwa ita ce makaranta, wallahi wata kahin sha biyu an watse, yara sun tahi talla malamai sun bi bayansu.

Sannan ka tambayi firinsifal kai tsaye, wa ka koyar da lissahi da Ingilishi? In malami na dindindin ne mai NCE ko digiri, madalla. In ɗan bautar ƙasa ne to shekara guda zai yi shi wuce, wani ma ba ya jin Hausa yaran ba su jin Turanci, sai dai kallon-kallo, haka 'yan TP, wato ɗalibai masu gwajin koyarwa, na kwalejin Shehu Shagari, suna ƙoƙari amma baƙi ne. Kuma ka bincika shi firinsifal ɗin cikin garin yake kwana ko kullum daga Sakkwato mota ka kawo shi, wanga abu na da tasiri ƙwarai, don in babba ya makara kowa ya samu hujja.

Abin da ni hi yarda da shi, ka tsai da yaro ɗan aji biyu ka ce shi ba ka littahin lissahinai. Buɗe ka duba jan biro. In tun farkon zango ba a maka komi ba sai not da anka kwahe daga allo, ka gane. Ka sa shi karanta ma layi biyu daga abin da ya rubuta da hannunai, nan za ka sha mamaki. Sakamakon BECE, jarabawar ƙare JSS, kada ka dogara gare shi sosai, mun san yadda ake taimakon yara cikin hol.

Ruwa da makewayi ma ka leƙa, balle in akwai ɗiya mace tahe, ga zahin Afrilu. In duk sun yi kunnen doki kai yaronka wadda ta hi kusa da gida, inda za ka iya leƙawa ba sanarwa, ka nema mai lesin na lissahi da marece kahin Islamiyya.