Kada ka bar cocin tukuna, ɗan'uwa

Ɗan'uwa, ka ce rigima ta raba zumuntar matasan cocinku gida biyu a Sabon Tasha, kana tambaya ko ka koma wani coci don ka san nufin Allah a kanka. Gaskiya kar ka tafi yanzu. Ka fara roƙon hikima, Yakubu 1:5 ya ce Allah na bayarwa a yalwace ba gori, sannan ka je wajen wanda ya ɓata maka rai ku biyu kawai kamar yadda Yesu ya koyar a Matiyu 18:15, ba a guruf ɗin WhatsApp ba don Allah, can ne wuta ke ƙara ruruwa.

Ni ma na taɓa fushi na bar mawaƙa a cocinmu a Narayi, wata uku ina zama a bencin baya ina fita kafin a sa albarka, addu'a ma ta ƙi yi mini daɗi, sai da na hau keke na je gidan mutumin da ya ɓata mini rai muka zauna a tabarma muka yi magana, ashe rabin abin ma ƙarin gishiri ne. Amma fa in koyarwar ce ta kauce wa Littafi Mai Tsarki, toh wannan daban ne, ka samu fasto da dattawa tukuna.