Ɗan wasana ya ɗauki jinsi mai tashi sama kuma matsafi ne, in hana shi?

Tambaya: Salam malam, ni nake ja wa abokaina huɗu wasan Dungeons & Dragons, bugu na 5, wasan tebur ne da kowa yake ɗaukar jaruminsa a cikin labari ana jefa dayis, wato irin ƙwayar ludo. To ɗaya ya dage sai ya yi Aarakocra, jinsin nan mai siffar tsuntsu, kuma wai matsafi zai zama, sauran har sun fara ƙorafi wai shi kaɗai zai cinye wasan. In hana shi ne ko in ƙyale shi?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Gaskiya ƙorafinsu ba na banza ba ne, amma kar ka yi saurin hana shi. Ni abin da nake yi kullum shi ne in ɗauki baiwar da jinsin yake bayarwa in tambayi kaina, a mataki na nawa matsafi yake samun irinta da sihiri? Sihirin tashi sama sai matsafi ya kai mataki na 5 yake samunsa, minti 10 ne kawai, kuma dole hankalinsa ya tsaya a kai, ana kai masa duka mai kyau yana iya suɓuce masa ya faɗo. Shi kuwa Aarakocra na farko da aka fitar a 2015 tun mataki na 1 yake tashi da gudun ƙafa 50 a kowane zagaye, ba iyakar lokaci, ba ya kashe ko sihiri ɗaya. Ka ga inda gizo yake saƙar.

Kwatanta da Tiefling, jinsin nan mai ƙaho da ke da jinin shaiɗanu, shi ma an ba shi sihiri amma da awo, ɗan ƙarami a farko, wani a mataki na 3, wani a na 5, kuma manyan biyun sau ɗaya ne sai ya yi dogon hutu. Shi ya sa ba ka cika jin ana rigima a kansa ba.

Abin da ya fi damuna ma ba faɗa ba ne, a'a, ka zauna ka tsara rami ko katanga don ɓarawon tawagar ya fito da igiyarsa ya nuna gwaninta, sai tsuntsu ya ce na tsallake, shi kenan wancan ya koma ɗan kallo yana juya dayis a hannu. Wannan yana kashe wa mutum gwiwa wallahi.

To ka zaunar da su kafin a fara. Ka ba shi Aarakocra sigar 2022, wadda aka rage gudun tashin ya dawo daidai da tafiyar ƙasa, ƙafa 30, ko ku yi yarjejeniya cikakken tashi sai mataki na 5, kafin nan ya riƙa sauka a hankali in ya faɗo. Makin ƙarfi, basira da sauransu na kowa kuma a raba da tsarin da ake ba kowa maki 27 ya rarraba, kar a jefa dayis. Sannan kai ma ka sa maharba cikin abokan gaba da kogo mai gajeren rufi, matsafi dama jininsa kaɗan ne, dayis mai fuska 6 yake jefawa don ƙarin jini, kibiya biyu ko uku sun isa su sauko da shi.